Filtar CPL a Gona: Yaushe Take Aiki, Yaushe Take Zama Asarar Kuɗi?

Yau zan yi magana a kan ɗan gilashin nan mai duhu-duhu da ake ɗaurawa a bakin kyamara, wanda aka rubuta CPL a gefensa. Masu hoto suna ce masa folaraiza.

Duk mai ɗaukar hoto a gonakin Ɗambatta, Makoɗa, Bichi ko Minjibir da damina ya san matsalar nan. Idonka yana ganin dawa kore shar, amma a hoto sai ganyen ya fito fari-fari, kamar an watsa masa toka. In ƙungiyar manoma ce ta ɗauke ka aiki don a nuna lafiyar shuka, kun ga aikin ya ɓaci.

Me ke jawo haka? Hasken da ya faɗa kan ganye ko ruwa ya dawo, yawancinsa ta fuska ɗaya yake kaɗawa. Filtar kamar rariya take: tana tare wannan ƙyallin, ta bar ainihin launin ya wuce. Ba'amurke Edwin Land, wanda ya kafa kamfanin Polaroid a 1937, shi ya samar da irin wannan matatar haske mai araha.

To yaya ake amfani da ita? Ka ɗaura, ka riƙa juya zoben gaba a hankali kana kallo, har ƙyallin ya ɓace. Ta fi aiki idan rana tana gefen kafaɗarka. In ka fuskance ta ko ka ba ta baya, da ƙyar za ka ga bambanci a sararin sama. Wato da hantsi ko la'asar, ka fuskanci arewa ko kudu. Sama za ta yi shuɗi sosai, gajimare ya fito fes. A bakin ruwa kuwa, kamar dam ɗin Thomas ko na Watari, ka kalli ruwan a karkace, kimanin digiri 37 daga fuskarsa. Nan ne ƙyalli ya fi gushewa.

Yanzu ga inda ni nake cire ta. Na farko, tana cinye rabin haske, wani lokaci har kashi uku cikin huɗu. Da magariba ko cikin zaure, hoton zai girgiza. Na biyu, hazon hunturu. Ƙura tana warwatsa haske ta ko'ina, filtar ba ta iya mayar da farin sama shuɗi. Na uku, ba ta kashe ƙyallin ƙarfe tsurarsa, kamar sabon kwanon rufi marar fenti. Na huɗu, in kana ɗaukar fili mai faɗi ƙwarai, wani ɓangaren sama zai yi duhu, wani ya yi haske. Sannan a kula da bakan gizo: juyi ɗaya na iya goge shi gaba ɗaya.

Wani zai ce, ai sai in gyara a kwamfuta. Launin sama dai ana iya ƙara shi, amma abin da ƙyalli ya rufe a jikin ganye bai shiga kyamarar ba tun farko.

Kafin ka saya, duba lambar da ke bakin gilashin kyamararka, 52 ko 58 ko 67, ka sayi daidai ita.

Ku aiko da tambayoyinku.