Sukar Allura a Ɗakin Tiyata: Misali Daga Khartum da Omdurman

Khartum da Omdurman birane biyu ne da ke fuskantar juna a mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu. A Khartum aka buɗe makarantar koyon aikin likita ta farko a Sudan a shekarar 1924, kuma manyan asibitocin koyarwa irin su na Khartum da na Omdurman da na Soba sun horar da likitocin fiɗa masu yawa. Akwai wani haɗari da duk wanda ya yi aiki a ɗakin tiyata ya sani, amma ba a cika maganarsa ba. Shi ne allura ko wuƙar fiɗa da ta taɓa jinin majiyyaci ta soki ma'aikaci.

Raunin kansa ɗan ƙarami ne, wani lokaci ma sai an cire safar hannu ake ganinsa. Abin tsoro shi ne cutar da jinin ke ɗauke da ita. Idan majiyyacin yana da ƙanjamau, kusan mutum 3 cikin 1,000 da aka soka ne ke kamuwa. Idan ciwon hanta nau'in C ne, kusan 2 cikin 100. Amma ciwon hanta nau'in B yana iya kama har 30 cikin 100 na waɗanda ba su yi riga-kafi ba. Ke nan cutar da mutane suka fi jin tsoro ba ita ce ta fi saurin kamu ba.

Wannan batu yana da nauyi a Sudan, domin ciwon hanta nau'in B ya yaɗu sosai a ƙasar, kuma sai a 2005 aka fara sa riga-kafinsa cikin alluran yara. Wato manyan likitoci da nas-nas da masu shara da aka haifa kafin lokacin ba su same shi suna jarirai ba. Sai dai su karɓa da girmansu, allura uku cikin wata shida.

A ɗakin tiyata, lanƙwasasshiyar allurar ɗinki ce ta fi sukar mutane. Likita yana ɗinki a cikin ciki, wurin da ido ba ya kaiwa sosai, sai ya sa yatsa ya tare nama, allura ta huda naman ta shiga yatsan. Maganin wannan shi ne a riƙe nama da hantsaki, a kuma yi amfani da allura mai dakusasshen baki wajen ɗinke tsoka. Safa biyu ma tana taimakawa, don ko ta waje ta huje, ta ciki takan tsira, kuma jinin da ke jikin allurar yakan ragu kafin ya kai fata. Wasu likitoci sukan ce safa biyu tana rage musu jin abin da suke taɓawa. Gaskiya ne da farko, amma hannu yakan saba.

Sai kuma lokacin miƙa kayan aiki. Likita idonsa na kan rauni, ya miƙo hannu ba tare da ya duba ba, nas ta ɗora masa wuƙa. Dabarar da ake koyarwa ita ce kada abu mai kaifi ya bi daga hannu zuwa hannu. A ajiye shi cikin tasa, a faɗa da baki cewa ga wuƙa nan, sannan ɗayan ya ɗauka. Wannan ba ya cin ko sisi. Haka nan ba a mayar wa allurar sirinji da murfinta da hannu biyu. Ana jefa ta nan take cikin akwatin da ba ya hujewa, a rufe shi idan ya kai kashi uku cikin huɗu. Allurar da aka bari cikin ƙyalle ko kwandon shara, mai wanki ko mai shara take soka, kuma shi ba ya ma sanin jinin wa ke jikinta.

Yaƙin da ya ɓarke a Khartum ran 15 ga Afrilu 2023 ya rufe yawancin asibitocin birnin. Kaɗan da suka ci gaba da aiki a lokacin, kamar Al-Nau a Omdurman da Basha'ir a kudancin Khartum, sun riƙa karɓar masu raunin harsashi da na bam da yawa a lokaci guda, ga ƙarancin ma'aikata da kaya da wutar lantarki. Gajiya da gaggawa da rashin haske su ne ke ƙara yawan suka. Ga kuma ɓaraguzan ƙarfe da tsinin karyayyen ƙashi a cikin rauni, waɗanda ke yanka safa kamar wuƙa.

Wanda aka soka zai wanke wurin da ruwa da sabulu nan da nan, ba matsawa, ba tsotsa. Daga nan ya sanar da shugabansa, a gwada jininsa da na majiyyacin. Idan akwai zaton ƙanjamau, ana fara shan maganin kariya cikin 'yan sa'o'i, kada ya wuce sa'a 72, a ci gaba har kwana 28. A nan ne aka fi yin sakaci, domin ma'aikata da yawa sukan canja safa kawai su koma kan aiki, ba tare da sun gaya wa kowa ba.