Allon 3D a Na'urar Wasan Hannu: Abin da Ya Faru da Nintendo 3DS

Tsakanin idanun mutum biyu akwai tazarar kusan santimita 6, saboda haka kowane ido da irin hoton da yake ɗauka. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa su ta gane abin da ke kusa da wanda ke nesa. A kan wannan aka gina allon 3D: a nuna wa idon dama hoto, a nuna wa na hagu wani mai ɗan bambanci, sai shimfiɗaɗɗen allo ya koma kamar taga.

Kamfanin Nintendo na Japan ya jarraba dabarar da na'urar Virtual Boy a 1995. Sai mutum ya kifa fuskarsa a jikinta, launinta ja da baƙi kawai, masu wasa kuma suka yi ta kukan ciwon kai. Ko miliyan ɗaya ba a sayar ba aka janye ta.

A watan Fabrairun 2011 kamfanin ya sake gwadawa da 3DS, lokacin da fim ɗin Avatar ya sa duniya ɗokin 3D. Wannan karon babu tabarau. Wani siririn shinge mai tsage-tsage a cikin allon ne ke raba hasken, kowane ido ya sami rabonsa. Abin burgewa ne, amma da sharaɗi: dole a riƙe na'urar tsaye daidai saitin fuska. Da zarar hannu ya karkace, hoton ya rabu biyu. Ita kuwa na'urar hannu a cikin mota da jirgin ƙasa ake wasa da ita, ko a kwance kan gado. Abin dariya ma, wasu wasannin sai an karkata na'urar ake sarrafa su, wato abin da ke ɓata 3D ɗin. Ga cin batir, ga gargaɗin kamfanin cewa kada yara 'yan shekara 6 zuwa ƙasa su kunna shi.

Babbar matsalar ta fito ne daga wani ɗan maɓalli a gefen allon, wanda ake rage zurfin da shi ko a kashe gaba ɗaya. Tunda mai wasa na iya kashewa, dole masu tsara wasanni su tabbatar ana iya gama wasa ba tare da shi ba. Ta haka 3D ya tsaya a matsayin ado. Inda ya yi amfani na gaske shi ne irin wasan Super Mario 3D Land, domin zurfin yana taimaka wa mutum ya auna nisan tsalle kafin ya daka. Irinsa ba su da yawa.

Kasuwa ta ba da amsa da wuri. Cikin watan Agustan 2011 aka sauke farashin a Amurka daga dala 250 zuwa 170, shugaban kamfanin Satoru Iwata kuma ya yanke rabin albashinsa. Rangwamen da fitowar Mario Kart 7 da wasannin Pokémon ne suka farfaɗo da cinikin. A 2013 Nintendo da kansa ya fitar da 2DS, mai kunna wasannin 3DS duka amma babu 3D. A 2014 aka gyara matsalar karkacewa da kyamarar da ke bin fuskar mai wasa, sai dai a lokacin ɗoki ya riga ya kwanta.

Wannan ba ya nufin duk sabon salo banza ne. Allon taɓawa na Nintendo DS, wadda ta fito a 2004, ya sauya abin da hannu ke yi: ana rubutu, ana zane, ana shafa ɗan kwikwiyo a wasan Nintendogs, har waɗanda ba su taɓa riƙe na'urar wasa ba suka shigo. Shi 3D abin da ido ke gani kawai ya sauya. An sayar da DS kimanin miliyan 154, 3DS kuwa kimanin miliyan 76 kafin a daina ƙera ta a 2020. Da Nintendo ya fitar da Switch a 2017, bai sa mata allon 3D ba.