Tsofaffin Katunan Hoto: Wanne Ne Har Yanzu Yake Fitar da Kuɗinsa?

A watan Yulin 2016 kamfanin Nvidia na Amurka ya fitar da katin hoto mai suna GTX 1060 a kan dala 249. Ba shi ne mafi ƙarfi a gidansu ba, domin yana da yayye, 1070 da 1080. Amma shi ne ya shiga ɗakunan jama'a. Steam, babbar kasuwar wasannin kwamfuta ta kamfanin Valve, tana yin ƙidaya duk wata a kan kayan da masu wasa ke amfani da su, kuma wannan kati ya yi kusan shekara biyar yana kan gaba, sai a ƙarshen 2022 GTX 1650 ya sauke shi. A sana'ar da ake sako sabon kaya kusan duk shekara biyu, wannan ba ƙaramin tsawon rai ba ne.

Katin hoto shi ne ɓangaren kwamfuta da ke zana abin da ido ke gani a allo. Idan ana wasa, yana zana sabon hoto sau da yawa a cikin sakan ɗaya. Hoto 30 a sakan ana iya lallaɓawa da shi, amma sai ya kai 60 mai wasa yake jin abin yana tafiya sumul. Sababbin katuna sun yi tsada, ga dala ta yi wa naira nisa, don haka matashin da ke son haɗa kwamfutar gem yakan nufi kayan hannu, ko a Computer Village ta Ikeja, ko a Banex ta Abuja, ko a shagunan titin Beirut a Kano. A can zai tarar da katunan da suka haura shekara bakwai ana tallarsu, kuma tambayar da ya fi yi ita ce wanne ya fi gudu. A ganina ba ita ce tambayar farko ba. Tsohon kati ba kasafai rashin gudu ke fara kashe shi ba. Ƙarancin memori ne, da cin wuta, da kuma sababbin wasannin da ke rufe masa ƙofa gaba ɗaya.

A fara da wasu kishiyoyi biyu. A watan Afrilun 2017 kamfanin AMD ya fitar da RX 580 mai memori giga 8 a kan dala 229, don ya kara da GTX 1060 mai giga 6. A wajen gudu kusan kunnen doki suka yi: wannan ya ɗara a wani wasa, wancan ya rama a wani. Har yau dukansu suna ɗaukar GTA V da Fortnite da Valorant da eFootball a allon 1080p ba tare da wata matsala ba, kuma za su taɓuka a Cyberpunk 2077 idan an rage wa hoton ado. Inda suka rabu shi ne wajen memori da wuta.

Memorin kati kamar teburin tela yake. Duk atamfar da zai yi aiki da ita sai ta shimfiɗu a kai; idan teburin ya yi kaɗan, ƙwarewar telan ba za ta hana shi ɓata lokaci wajen naɗewa da warwarewa ba. Wasannin yanzu suna da manyan zane-zane na bango da fuska da ƙasa, kuma idan suka cika memorin katin sai ya koma yana aro daga memorin kwamfuta, wadda ta fi nisa kuma ta fi jinkiri. Abin da mai wasa zai gani shi ne hoto yana tsayawa yana fizga, ko bango ya fito a dusashe. A nan giga biyun da RX 580 ya ɗara abokin karawarsa da su suka yi masa rana bayan shekaru.

Amma akwai lissafin wuta. GTX 1060 yana jan wat 120, RX 580 kuwa wat 185. Bambancin wat 65 ne. Wanda ke wasa awa biyar kullum, a wata zai ƙone kusan yunit 10 na ƙari. Tun da hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A a watan Afrilun 2024, yunit ɗaya ya haura naira 200, wato kusan naira 2,000 ke nan a wata saboda zaɓin kati kawai. Ba kuɗi ne mai tayar da hankali ba ga mai kwamfuta ɗaya. Ga mai shagon gem da ke da injuna goma a kan janareta ko batirin sola, lissafi ne da ba a wasa da shi. Kuma duk wat ɗin da kati ya ja zafi yake komawa, a ɗakin da dama can a watan Afrilu ko fanka iskar zafi take hurawa.

Sai tarkon suna, wanda ya fi komai cin kuɗin masu saye. GTX 1060 iri biyu ne a kasuwa, mai giga 6 da mai giga 3, kuma ba memori kaɗai aka rage wa ƙaramin ba. An rage masa har ƙwayoyin aiki, daga 1280 zuwa 1152, amma aka bar masa suna iri ɗaya. A yau giga 3 ta yi kaɗan ƙwarai, duk arahar da aka yi masa ba zan ba da shawarar sayensa ba. Haka ma AMD ta yi wa kasuwar Sin wani RX 580 mai laƙabin 2048SP, wanda ƙwayoyin aikinsa 2048 ne maimakon 2304 na ainihin, wato RX 570 ne aka sauya wa riga. Shi ne ya cika shagunan intanet irin su AliExpress a kan farashi mai jan ido. Ba mugun kati ba ne, amma bai kamata a biya masa kuɗin yayansa ba. Wannan ɗabi'a ma ba sabuwa ba ce. GTX 970 na 2014 an sayar da shi da sunan mai giga 4, daga baya aka gano giga 3.5 ce kawai ke gudu da cikakken sauri, ragowar rabin gigar tana jan ƙafa. Maganar ta kai kotu a Amurka, kuma a 2016 Nvidia ta amince ta biya kowane mai saye dala 30.

Me ya sa RX 570 da RX 580 suka yi yawa haka a kasuwar kayan hannu? Masu haƙar kuɗin kirifto ne. A 2017, sannan kuma a 2021, sun kwashe katuna daga kasuwa suna jera su ɗaruruwa don haƙar Ethereum, har farashi ya ninka. Ranar 15 ga Satumban 2022 Ethereum ya sauya tsarinsa, ya daina buƙatar katin hoto, sai waɗannan katuna suka kwararo kasuwa. Mutane suna tsoronsu, kuma tsoron yana da tushe, sai dai ba inda ake zato ba. Ƙwaƙwalwar katin ba ta cika gajiya ba, domin masu haƙar da suka san aikinsu rage mata wuta suke yi. Abin da ke shan wahala shi ne fankoki da suka yi shekaru suna juyawa dare da rana, da memorin da ta daɗe cikin zafi, da man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen sanyaya, wanda ke bushewa. Fanka da mai ana sauya su da kuɗi kaɗan. Memori idan ta fara lalacewa, katin ya kama hanyar bola.

Babban abin tausayi a wannan fage shi ne GTX 1080 Ti. Ya fito a watan Maris na 2017 a kan dala 699, da giga 11, kuma masu wasa har yau suna ambatonsa da girmamawa. Sun yi gaskiya. A wasannin da aka gina a kan tsohon salon zane, yana iya shan gaban RTX 3060 da ya zo bayansa da shekara huɗu. Amma a 2018 Nvidia ta fara saka wa katunan RTX wasu sassa na musamman masu bin sawun haske, wato lissafin yadda haske ke faɗawa kan abu ya dawo, da kuma fasahar DLSS da ke zana hoto ƙarami ta faɗaɗa shi da ƙirƙirarriyar basira. Shekaru da dama waɗannan ado ne kawai, mai so ya kunna, marar so ya kashe. Yanzu sun fara zama sharaɗi. Alan Wake 2, da ya fito a watan Oktoban 2023, ya zo da wata sabuwar hanyar zana siffofi da ta durƙusar da katunan zuriyar GTX 10, har da 1080 Ti, sai da aka yi masa gyara daga baya suka ɗan numfasa. Indiana Jones and the Great Circle na Disamban 2024 da Doom: The Dark Ages na Mayun 2025 kuwa ba sa karɓar katin da ba ya bin sawun haske. RTX 2060 na 2019, wanda bai kai 1080 Ti gudu ba, zai buɗe su. Shi gwarzon yana tsaye a waje da giga 11 ɗinsa da wat 250 da yake ja.

Kamfanonin ma sun fara janye hannu. Tun 2023 AMD ta ware zuriyar RX 400 da RX 500 daga jerin katunan da take yi wa sabon direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, a kai a kai, Nvidia kuma ta daina yi wa GTX 900 da GTX 10 direban sababbin wasanni a ƙarshen 2025, ta bar musu gyaran tsaro kawai. Katin ba zai mutu don haka ba. Amma idan sabon wasa ya zo da matsala a kansa, babu mai zuwa ceto. Abin da ke ɗan ƙara musu kwana shi ne FSR, fasahar faɗaɗa hoto da AMD ta fitar a 2021, wadda ba ta nuna bambancin gida, tana aiki har a kan GTX 1060.

Akwai kuma wanda kwamfutarsa tsohuwar injin ofis ce, irin Dell OptiPlex ko HP da ake shigowa da su tokumbo. Akwatin wutar irin waɗannan ƙarami ne, kuma yawanci ba shi da wayar da ake jona wa babban kati. Masu wannan sai su nemi katin da ramin allon kwamfuta kaɗai ke iya ciyar da shi, wato wanda bai wuce wat 75 ba: GTX 1050 Ti ko GTX 1650, dukansu masu giga 4, kuma a duba samfurin da ba ya neman ƙarin waya. Idan injin siririya ce, sai an sami gajeren samfuri. GTX 750 Ti na 2014 ya yi zamaninsa, giga 2 ba ta kai ko'ina yanzu.

Idan aka tambaye ni inda kuɗi ya fi yin daraja, zan nuna tsakiya. GTX 1660 Super na Oktoban 2019 yana jan wat 125 kacal, ya fi 1060 da RX 580 gudu a fili, kuma ya dace da mai shagon da kwastomominsa ƙwallo da GTA suke bugawa. Wanda ke son sababbin wasanni su buɗe masa, ya ƙara kuɗi ya nemi RX 6600 na 2021, mai giga 8 da wat 132, ko RTX 3060 mai giga 12. RX 580 kuwa sai idan arahar ta yi araha da gaske, kuma an san wutar gida za ta ɗauke shi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Duk wanda aka zaɓa, kada a biya kuɗi sai an ga katin a cikin kwamfuta yana aiki. Ƙaramar manhajar GPU-Z kyauta ce, tana nuna ainihin ƙwayoyin aiki da girman memori, kuma tana tona jabun katuna, irin tsohon GTS 450 na 2010 da ake sauya wa bayanan ciki ya riƙa kiran kansa GTX 1050 Ti. Bayan haka a kunna wasa mai nauyi ko manhajar gwaji ta FurMark na minti ashirin ko talatin, ana kallon ma'aunin zafi. Idan ya doshi digiri 90, ko fanka tana ƙara kamar ta tsinke, ko wasu ɗigo-ɗigo da layuka masu launi suka fara bayyana a allo, a mayar wa mai shago kayansa. Idan ya ci jarrabawar, a nemi garantin ko da mako ɗaya a rubuce a jikin rasit, kuma a tanadi abin hure ƙura kafin hunturu ya shigo.