Bishiyar Da Iska Ta Karya Kusa Da Gida: Yadda Ake Kawar Da Ita

Idan damina ta kawo kai, ruwan farko ba ya zuwa shi kaɗai. Iska ce take yi masa jagora. Hadari yakan haɗo daga gabas, ƙura ta tashi ja wur, kafin a kwashe shanya iska ta iso. An fi ganin haka a watannin Mayu da Yuni. A watan Yuni na shekarar 2018 irin wannan iska ta faɗa wa garin Bauchi. Ta kware rufin gidaje masu yawa, ta tumɓuke bishiyoyi, ta kayar da falwayoyin lantarki, har aka yi asarar rayuka. Abin da ya sami Bauchi yana samun ƙauyuka kowace damina, sai dai ba a cika jin labarinsu a rediyo ba.

Idan iska ta lafa sai a ga ɓarna. Wata bishiya ta kwanta a kan katanga. Wata ta karye a tsakiya, rabinta yana lilo a sama. Wata kuma tana tsaye amma ta karkata wajen ɗakin kwana. A nan ne maigida yakan ɗauki gatari da sauri, yara su kewaye shi, mata su fito tsintar itacen girki. To, wannan lokaci yana da haɗari ƙwarai, domin bishiyar da iska ta taɓa ba ta gama faɗuwa ba tukuna. Abin da za a yi da gaggawa shi ne janye mutane daga wurin. Sara kuwa sai an natsu.

Kafin A Ɗauki Gatari

Da farko a fitar da kowa daga ɗakin da bishiya ta danne ko ta karkata gare shi. A kwance awaki da tumaki daga turke. Kada kowa ya kwana a ɗakin sai an gama aiki, ko da za a roƙi wurin kwana a maƙwabta. A sa babban mutum guda wanda aikinsa kawai korar yara ne.

Daga nan sai a duba ko akwai wayar lantarki. Idan bishiya ta faɗa kan waya, ko ta tsinke ta, kada a taɓa wayar, kada a taɓa bishiyar. Ɗanyen itace yana ɗaukar wuta, jiƙaƙƙiyar ƙasa da rufin kwano ma haka. Kada a ce ai an ɗauke wuta, don ana iya kawo ta ba sanarwa. A tsaya nesa da wurin, aƙalla mita 10, wato kamar taku 13 na babban mutum. A aika wa ma'aikatan lantarki, waɗanda har yanzu jama'a suke kira 'yan NEPA. A Kano da Katsina da Jigawa kamfanin KEDCO ne. A Kaduna da Sakkwato da Kabi da Zamfara kamfanin Kaduna Electric ne. A Jamhuriyar Nijar kuwa NIGELEC ne. Sai sun zo sun tabbatar babu wuta a wayar sannan a fara aiki.

Idan bishiya ta danne mutum, a tara maza a ɗaga itacen da tabarya ko wani ƙaƙƙarfan sanda, a cusa kututture a ƙarƙashi don kada ya komo. Kada a ja mutumin da ƙarfi. Idan yana kukan wuya ko baya, a kwantar da shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, a ɗauke shi a miƙe. Inda jini yake zuba a danne da tsumma mai tsabta. A kai shi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi, domin wanda nauyi ya daɗe a kansa yana iya samun ciwon ƙoda daga baya. A Nijeriya ana kiran lamba 112 don neman agajin gaggawa, kuma ba a biyan kuɗin kiran.

Abu na ƙarshe kafin sara shi ne a ɗaga kai a dubi sama. Reshen da ya karye ya maƙale a sama shi ya fi yi wa masu sara illa. Girgizar gatari kaɗan ta isa ta sauko da shi. Ba a shiga ƙarƙashinsa, ba a hawa a ture shi. Sai a ɗaura dutse a bakin doguwar igiya, a jefa ta ta bisa reshen, a koma nesa a jawo shi. A kuma lura da kogo, don zuma da macizai sukan zauna ciki.

Bishiyar Da Ta Riga Ta Kwanta

Mutane suna ɗauka wadda ta kwanta ta mutu, ba ta da sauran ƙarfi. Ba haka ba ne. Ta fi kama da bakan da aka ɗana. Mutum ya ɗauki ɗanyen kara ya lanƙwasa shi, zai ga gefe ɗaya ya matse, ɗaya gefen ya miƙe kamar zai tsage. Haka rassan bishiyar da ta faɗi suke. Idan aka sari gefen da ya miƙe da farko, reshen yakan tsage ya yi harbi kamar jaki. Yana karya ƙafa, yana fasa haƙarƙari. Saboda haka a fara ɗan tsaga gefen da ya matse, sannan a ƙarasa ta gefen da ya miƙe, a hankali. Mai sara ya tsaya ta cikin lanƙwasar, domin ta waje reshen zai yi harbi. Idan wurin gangare ne, ya tsaya ta sama, don gungume ƙasa yake mirginawa.

Ana fara aiki daga kan bishiya, wajen ƙananan rassa, ana tafiya zuwa gindi. A cire rassan da ba su ɗauke da nauyi tukuna. Waɗanda suka tokare ƙasa su ne ƙafafun bishiyar, su za a bari sai ƙarshe. Duk reshen da aka cire a janye shi gefe, don kada mai sara ya yi tuntuɓe idan gudu ya kama shi.

Akwai wani haɗari da ba kowa ya sani ba. Idan iska ta tumɓuke bishiya, saiwoyinta sukan tashi tsaye da tarin ƙasa a jikinsu, su bar rami a baya. Nauyin gangar bishiyar ne yake riƙe da su a tsaye. Da zarar an yanke gangar, sai tarin saiwoyin nan ya koma cikin raminsa da ƙarfi, kamar an rufe murfi. Yara kuwa suna son shiga irin wannan rami su yi wasa. Kafin a yanke ganga, a leƙa ramin a tabbata babu yaro, babu akuya, kuma babu mai tsaye kusa.

Idan a kan ɗaki ta kwanta, kada a hau rufin. Wataƙila azara ta tsage, katangar ƙasa kuma ta sha ruwa. A tokare gangar da gwafanni masu ƙarfi daga waje. Sannan a riƙa rage ta guntu-guntu, ana ɗaure kowane guntu da igiya kafin a yanke shi, a sauke shi a hankali. Aikin yakan ci yini guda ko biyu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wani lokaci bishiya takan faɗi ta jingina da wata. Kada a sare wadda ta tare ta, don duka biyun za su faɗo kan mai sara. Da doguwar igiya ake jawo ta daga nesa, ko da shanun huɗa ko da tarakta.

Wadda Take Tsaye Amma Ba A Yarda Da Ita Ba

Ba kowace bishiya da ta karkata ce za ta faɗi ba. Wadda ta girma a karkace tun tana ƙarama ta saba da hakan. Abin tsoro shi ne sabuwar karkata. Alamarta ita ce ƙasa ta tsage ko ta kumbura a gindi, ta gefen da bishiyar ta baro. Wannan yana nuna saiwoyi sun tsinke. Sauran alamu su ne tsaga mai zurfi a ganga, da tsaga a inda manyan rassa biyu suka rabu, da naman kaza a gindi, da ginin gara a jiki. A ƙwanƙwasa gangar da ƙotar gatari. Idan ta yi amo kamar turmi, cikinta ya ruɓe. Kuka dai dabam take, tana iya yin shekaru masu yawa da kogo ba ta faɗi ba.

Kafin a kayar da bishiya sai an san tsawonta. Ga hanya mai sauƙi. A kafa sanda a tsaye a rana. A jira lokacin da inuwar sandar ta yi daidai da tsawonta, da hantsi ko wajen la'asar. A wannan lokaci inuwar bishiya ma daidai take da tsawon bishiyar, sai a auna ta da taku. Idan bishiya taku 15 ce, 'yan kallo su koma bayan taku 30. Igiyar da za a ja da ita ma ta kai taku 30, don kada bishiyar ta faɗo wa masu ja.

Idan akwai filin da za ta kwanta, ga yadda masu sana'ar suke yi. Sukan share hanyar gudu tukuna, ta baya amma a karkace, ba daidai bayan bishiyar ba, don gindinta yakan yi tsalle da baya. Sai su buɗe baki a gefen da suke so ta faɗi, zurfinsa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin gangar. Sannan su koma baya su sara, sama kaɗan da bakin farko. Ba sa haɗe saran biyu. Sukan bar ɗan itace a tsakani, kamar kashi ɗaya cikin goma na kaurin. Wannan ɗan itace shi ne linzamin bishiya, shi yake kai ta inda ake so. Idan aka yanke shi, sai ta faɗi inda ta ga dama. Da ta fara ƙara, mai sara ya bar wurin, kada ya tsaya ceton gatari.

Bishiyar da cikinta ya ruɓe ba ta da wannan linzami. Wadda ta karkata da yawa kuma takan tsage tun ba a gama sara ba. Irin waɗannan, da wadda gidaje suka kewaye ta, ba aikin maigida da 'ya'yansa ba ne. A nemo masu sana'ar, waɗanda za su sauke ta daga sama reshe-reshe da igiya. A yi ciniki a gaban shaidu, a kuma faɗi wanda zai biya idan aka yi ɓarna. Idan da zarton inji za a yi, mai yanka ya tuɓe babbar riga. Kada ya yi yanka da tsinin zarton, don yakan yi tsalle ya nufo fuska. Kada kuma ya ɗaga shi sama da kafaɗa, ko ya yi aiki da shi a kan tsani.

Wasu sukan hura wuta a gindin bishiya su bar ta ta faɗi da kanta. A kusa da gida wannan mugun aiki ne. Babu wanda ya san sa'ar da za ta faɗi, ko gefen da za ta bi. Ba a kuma sara da dare, ko ana iska, ko hadari yana haɗowa.

Izini Da Haƙƙin Maƙwabci

Akwai dokar sare itatuwa, kuma kowace jiha da tata. A Nijar gawo yana cikin itatuwan da doka ta kare. Don haka a sanar da mai unguwa ko dagaci, shi kuma ya sanar da malamin daji na ƙaramar hukuma. Idan ɓarnar ta shafi gidaje da yawa, dagaci ya kai rahoto ga hukumar agajin gaggawa ta jiha, wato SEMA. A tuna kuma kuka ko ɗorawa ko tsamiya tana iya zama gadon wani gida, ko da ba a filinsu take ba. Idan bishiyar maƙwabci ce take barazana, a gaya masa a gaban mai unguwa. Kada a sare ta a bayan idonsa.

Ba Laifin Iska Kaɗai Ba Ne

Bayan babbar iska wasu sukan fusata su sare duk bishiyar da take gida. Wannan kuskure ne, domin lafiyayyun bishiyoyi su ne suke rage wa iska ƙarfi kafin ta kai ga rufi. Yawancin waɗanda suke faɗuwa mutane ne suka raunana su. Mafi yawan saiwoyin bishiya ba su da zurfi, a shimfiɗe suke kusa da saman ƙasa. Mai haƙar ƙasar gini ko lambatu ko harsashin ɗaki kusa da gindi yana yanke su bai sani ba. Ƙona shara a gindi yana kashe ɓawo. Sassaƙar magani ma haka, kamar yadda ake yi wa maɗaci. Ta waɗannan raunuka gara da ruɓa suke shiga.

Darbejiya, wadda wasu suke kira dogon yaro ko maina ko bedi, asalinta daga Indiya take, kuma ita ta fi yawa a ƙofar gidaje. Idan aka datse mata kai takan fito da sababbin rassa masu yawa, amma ba su kama gangar da ƙarfi ba. Wanda ya fara datse ta sai ya riƙa rage rassan nan kafin su yi nauyi. Bishiyar turare kuwa tana da tsawo, kuma takan yar da reshe ko ba iska sosai. Ta fi dacewa da bakin gona, ba jikin ɗaki ba.

Lokacin rage rassa shi ne bazara, a watannin Maris da Afrilu, kafin hadari ya fara. A fara tsaga reshe ta ƙasa, sannan a yanke ta sama, don kada ya ɓare jikin bishiyar idan zai faɗo. Wanda ya sare tsohuwa kuma ya dasa wata a madadinta cikin watan Yuli, sa'ad da ruwa ya zauna. Babbar bishiya irin darbejiya ko mangwaro a ba ta taku 10 ko fiye daga jikin ɗaki, kuma kada a dasa ta a ƙarƙashin wayar lantarki.