Karfasa: Siffarta, Rayuwarta da Dalilin Tsumburewarta a Tafki

Gabatarwa

Idan kana kiwon kifi a Jikwoyi ko Karshi da kewaye, wataƙila ka taɓa zuba karfasa a tafki, bayan wata shida ka kwashe kifaye birjik amma ƙanana, waɗanda ba su da daraja a kasuwa. Sanin halittar wannan kifi shi ne matakin farko na magance wannan asara.

Siffarta

Karfasar da aka fi kiwo ita ce wadda masana ke kira Oreochromis niloticus. Jikinta faffaɗa ne mai ɓawo, launinta toka-toka, kuma ƙayar bayanta doguwa ce mai tsini. Babbar alamarta ita ce ratsi-ratsin da suka sauko a tsaye a kan wutsiyarta. Tana cin gansakukar ruwa, ƙananan halittu da dusa.

Hayayyafa

A tafki, karfasa kan balaga tana da wata 5 zuwa 6. Namiji ne ke haƙa ɗan rami a ƙasan tafki. Mace ta zuba ƙwai a ciki, namiji ya barbare su, sai ta kwashe su a baki. Nan take riƙe su mako 1 zuwa 2, ba ta cin abinci sosai. Mace mai nauyin giram 100 kan yi ƙwai kimanin 100, babba kuwa har 1,500. Da zarar ɗumin ruwa ya kai digiri 24, sai ta ci gaba da yin ƙwai a kai a kai. Sanyin hunturu kan rage mata hanzari.

Saboda haka 'ya'ya kan cika tafki, abinci ya kasa, dukkansu su tsumbure.

Shawarwari

1. Ka zuba maza zalla, domin sun fi mata saurin girma. Ka duba ƙarƙashin ciki: namiji ƙofa biyu gare shi, mace uku.
2. Ka haɗa da tarwaɗa kaɗan don ta cinye 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe.
3. Ka sa raga a mashigar ruwa.
4. Ka busar da tafki bayan kowace kwasa.

Don ƙarin bayani, ka tuntuɓi malamin gona na yankinka ko Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa, Jihar Neja.