Daga Birnin Kebbi zuwa Jidda: Tsawon hanyar maniyyata a sama

Duk shekara idan aka fara jigilar alhazai, motoci kan yi jerin gwano daga Jega da Aliero da Maiyama zuwa sansanin alhazai na Birnin Kebbi, 'yan rakiya sun fi maniyyatan yawa. Daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Birnin Kebbi ne ma jirgin farko na maniyyatan Nijeriya na hajjin 2024 ya tashi a watan Mayu, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima yana wurin. Tambayar da ba ta ƙarewa a bakin 'yan rakiya ita ce: wai nawa ne nisan, kuma yaushe za su sauka?

Idan aka auna kai tsaye, tsakanin Birnin Kebbi da Jidda akwai kimanin kilomita 3,850, Madina kuwa ta kusa 4,000. Masana sufurin sama suna auna wannan nisa a kan doron duniya mai zagaye, inda gajeriyar hanya kan ɗan lanƙwasa idan aka zana ta a taswira. Da irin wannan lissafi ake fitar da alƙibla, shi ya sa mai salla a Maiyama ke fuskantar gabas da ɗan karkata arewa. Wannan layin ya ratsa Nijar da Chadi da Sudan, ya tsallaka Bahar Maliya, inda Afirka ta ƙare Asiya ta fara.

Babban jirgin fasinja kan yi gudun kusan kilomita 850 a awa. Ke nan awa biyar ko kusa da haka ta isa, in hanya a buɗe take.

Sai dai ba kullum take a buɗe ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazai suka riƙa kewaye. Tafiya ta ƙaru da wajen awa biyu, mai ya ƙaru, kamfanonin jirage suka nemi Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta ƙara musu kuɗin jigila. Iska ma tana da nata hannun: in ta biyo bayan jirgi ta rage masa lokaci, in ta tare shi ta gaba ta ƙara.

Ga kuma ruɗanin agogo. Saudiyya na gaban Nijeriya da awa biyu, don haka jirgin da ya tashi ƙarfe goma na dare ya yi awa biyar, zai sauka ƙarfe biyar na asuba a agogon can, alhali a Aliero ƙarfe uku ne.

Kakanni sun san wannan nisa da ƙafafunsu. Sukan bi ta Kano da Borno, su shiga Chadi, su ratsa Darfur zuwa Suwakin, sannan su hau jirgin ruwa. Wasu kan shafe shekaru suna yada zango suna noma ko ƙodago don neman guzuri, da yawa kuma suka zauna a Sudan. Garin Maiwurno da ke bakin Shuɗin Nilu, wanda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, yana nan har yau da zuriyarsu.

Saukar jirgi ba ita ce ƙarshen tafiya ba. Daga Jidda zuwa Makka akwai kusan kilomita 80 a mota, wanda ya fara sauka Madina kuma yana da fiye da 400 a gabansa.