AMSOSHIN TAKARDUNKU: Ko muna da duwatsun buɗe ido irin na Italiya?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga Jibiya, daga wani Alhaji mai fataucin hatsi. Ya ce ya ji labarin wani yankin duwatsu a Italiya inda baƙi ke tururuwa. Tambayarsa ita ce: shin mu muna da irinsa kusa? In akwai, me ake gani, me ake ci, kuma a ina baƙo ke kwana?

To Alhaji, mun gode da takardarka. Duwatsun Italiya da aka fi ambata su ne Dolomiti, a arewa maso gabashin ƙasar. Mafi tsawonsu, Marmolada, ya kai mita 3,343. A kan duwatsun akwai ƙananan masaukai na matafiya, sanannen abincinsu kuwa wani tuwon masara ne da suke kira polenta. Amma ba sai ka nemi bizar Turai ba. Ƙetare iyakarku akwai duwatsun Azbin a jihar Agadas ta Nijar, waɗanda kakanninmu suka yi ɗaruruwan shekaru suna ciniki da mutanensu. In ka taɓa jin ana yabon dokin Bagazam, ko ka ga an jiƙa wa yaro tazargade, to ka riga ka san kayan Azbin.

Bari mu fara da hanya. Daga Jibiya za ka bi ta Magama ka shiga Ɗan Isa, ka isa Maraɗi. Daga nan hanya biyu ce: ko ka yi gabas zuwa Damagaram ka bi ta Tanut, ko ka yi yamma zuwa Birnin Ƙonni da Tawa ka bi ta Abalak. Kowacce ka ɗauka doguwa ce, domin daga Damagaram kaɗai zuwa Agadas kusan kilomita 450 ne.

Agadas ita ce ƙofar duwatsun, kuma Hausa ake yi a kasuwarta, ba ka bukatar tafinta. Abu na farko da ido zai fara gani shi ne hasumiyar babban masallaci, ta laka zalla, mai tsawon mita 27. An fara gina masallacin a 1515, aka sake gina shi a 1844. Wanda ya san Gobarau ta Katsina zai ga 'yan uwantaka. Kusa da shi akwai fadar Sarkin Azbin, akwai kuma gidan da Baturen Jamus Heinrich Barth ya sauka a 1850. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Kada ka manta da maƙeran azurfa da dukawa masu sirdin raƙumi.

Cikin duwatsun kuwa, mafi tsawo yana kan tudun Bagazam, mita 2,022, kuma babu wanda ya kai shi a duk Nijar. Timiya, kilomita sama da 200 arewa da Agadas, gari ne na lambuna a tsakanin baƙaƙen duwatsu, ga lemo ga rumman ga dabino. Akwai kangon Asode, tsohon birni da aka watse aka bari. Akwai Tafadek mai ruwan zafi da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, inda masu ciwon gaɓoɓi kan je wanka. A Dabus kuma, wajen hanyar Arlit, mutanen da suka sassaƙa raƙumin dawa a jikin dutse, tsawonsa ya haura mita 5. Wannan shaida ce cewa can da wurin yana da ruwa da ciyawa.

Ku manoma, ga abin lura a nan. Ruwan sama kaɗan ne a Azbin, amma in ya sauka a kan dutse sai ya gangaro cikin ƙorama ya nutse ƙarƙashin yashi. Sai a haƙa rijiya a bakin ƙoramar, raƙumi ko sa ya riƙa jawo guga, yanzu kuma da yawa sun koma injin ban ruwa. Da haka mutanen Tabelot suke noma albasar da ake lodi zuwa Yamai da ƙasashen kudu, ban da dankalin Turawa da tafarnuwa da alkama. Mai noman rani a ƙarƙashin madatsar ruwan Jibiya ba zai rasa abin koyo ba.

Sai batun ciki. Gero shi ne tushen abincinsu kamar namu, kuma tun da can da gishirin Bilma da dabino ayarinsu kan zo ƙasar Hausa su koma da shi. Suna dama wata irin fura da gero da dabino da cuku, mai riƙe ciki wuni guda. Suna gasa gurasa cikin yashi mai zafi da toka, a karkaɗe, a gutsuttsura cikin miya. Shayi kuwa zubi uku ne, kuma ladabi shi ne baƙo ya zauna har na uku. Mutanen Musulmi ne, saboda haka babu shakkar yanka.

Wajen kwana kuma, a Agadas akwai otel-otel da ƙananan masaukai, amma ɗan kasuwa ya fi samun sauƙi in ya sauka wajen fatoma kamar yadda aka saba. A ƙauyukan dutse ka fara gaida mai gari, shi zai nuna maka inda za ka shimfiɗa tabarma, sau da yawa cikin bukkar tabarmin kaba. Ka riƙe ɗan shayi da sukari na alheri. In da hunturu za ka, ka tafi da bargo mai kauri, don sanyin dare a kan tudun ya fi na Katsina nesa ba kusa ba. Kuɗinsu sefa ne: dala ɗaya tamma biyar ce, jika kuwa tamma 1,000. Ka gane lissafin nan tun kafin ka taya kaya.

Yanzu ga magana mafi nauyi, Alhaji, ka buɗe kunne. Yankin ya sha tawaye daga 1990 zuwa 1995, da kuma 2007 zuwa 2009, har an binne nakiyoyi a wasu hanyoyi. A 2025 an sace Turawa a cikin garin Agadas kansa. Ita ma iyaka ba kullum take buɗe ba: an rufe ta a Agustan 2019, sai Disambar 2020 aka fara buɗe wasu mashiganta, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sai Maris 2024 Nijeriya ta buɗe ɓangarenta. A Janairun 2025 kuma Nijar ta fita daga ECOWAS. Don haka kafin ka biya kuɗin mota, ka je ofishin shige da fice ka tambayi takardun da ake nema a lokacin. Ka riƙe fasfo da katin rigakafi. Kada ka bi ɓarauniyar hanya, kada ka yi tafiyar dare, kada kuma ka shiga duwatsu ba tare da ɗan gari ja-gaba ba da izinin jandarma. In suka ce kada a wuce, ka tsaya Agadas. Dutse ba ya gudu, rai kuwa ba a sayo shi a kasuwa.

Da fatan Alhaji ya gamsu. Mai wata tambaya sai ya aiko da takardarsa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.